Dokin da Na Taɓa

Talata, 14 ga Janairu, da yamma

Na kai wa Baukje mai gidan kofi tukunyarta. Tun ranar jana'izar mijina Ulbe take kan teburina, na wanke ta har na rasa sau nawa. Na manta yau Talata ce, ranar 'yan dara. Da na tuna da ban je ba.

Suna ɗakin baya na gidan kofin, kamar kullum. Hedimasta Hidde ya miƙe da ya gan ni, sauran suka bi shi, kujeru suka yi ta ƙara. Na rasa inda zan sa idona sai na kalli kanta, inda suke jera allunan dogon wasa. Kowane sanyi haka suke yi, mutum biyu su kafa wasan ces guda, wato darar Turawa, a bar shi a kan kanta, wanda ya shigo ya yi takunsa ɗaya, ya mayar da murfin kwalba gefen abokinsa. Allon mijina da Gerlof shi ne na ƙarshe, kusa da taga. Murfin yana gefen farare, gefen Ulbe.

Ƙura ta hau shi. Shekara talatin ina share makarantar Hedimasta, hannuna ba ya jiran izini. Na zaro hankici, na ɗaga farin dokin don in goge ƙarƙashinsa.

Hedimasta ya ce, "Wanda aka taɓa shi ake turawa."

Bakinsa ne ya faɗa, ba shi ba. Haka yake gaya wa yara tun ina da ƙuruciya. Nan take kunnuwansa suka yi ja.

Baukje ta ce, "Hedimasta, wani lokaci kai ma ka riƙa taɓa bakinka kafin ka tura shi."

Gerlof ya ce, "Ajiye shi, Renske. Ba komai. Mun riga mun gama magana, canjaras za a rubuta. Haka aka yi wa Auke da ya rasu."

Na ce, "Ulbe ya ce canjaras?"



Na ce to ni na taɓa, ni zan tura. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban ma san yadda doki yake tafiya ba. Na mayar da shi gidansa, na fito, tukunyar tana hannuna. Sai da na iso gida na gan ta.

Alhamis, 16 ga Janairu, da safe

Na zuba kofi kofi biyu. Na shanye duka don kada a zubar.

Asabar, 18 ga Janairu, bayan abincin rana

'Yata Idske ta zo daga birnin Ljouwert da motarta. Ta leƙa firji, ta leƙa kwandon shara, ta ce, "Mem," wato Mama a harshenmu, "me kike ci?" Na ce burodi da cuku. Ta ce cukun ko ɓare shi ba a yi ba.

Na gaya mata zancen dokin. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ɗauko kwamfutar hannun da ta saya mana bara, ta saka mini wani abu a ciki. Allo ne yake fitowa da 'ya'ya kaɗan a kai, a rubuta fari zai taka. Idan ka samo takun sai ya yi wata ƙara mai daɗi ya yi kore. Idan ka kuskure ya yi ja. Ta ce Heit, wato babanta, shi ma da irinsa ya fara, a jarida.

Ta nuna mini tafiyarsu. Hasumiya miƙe take tafiya. Ɗan aike a karkace. Sarauniya duk inda ta ga dama. Dakare gaba kawai, ba ya komowa. Doki gida biyu gaba, ɗaya gefe, kuma yana tsallake kan kowa. Na ce wannan wace irin tafiya ce. Ta ce, "Irin ta Heit idan an aike shi kanti." Muka yi dariya, sai kuma muka daina.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Santsi ne, Mem. Gaɓar magudanar bayan cocin nan da Heit ya faɗa, kowa ya san tana da santsi." Ban tambaye ta ba. Na ce na sani.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ja, ja, ja. Kore ɗaya, shi ma yatsana ne ya zame.

Talata, 21 ga Janairu, da yamma

Ban taka ba. Na je gidan kofin da safe lokacin ba kowa, na zana allon a bayan takardar kalanda, na zo na jera shi a kan allon Ulbe na gida, a teburin kicin. Yanzu a tsaye nake cin abinci.

Baukje ta ce an sa daren miya ranar sha ɗaya ga Maris. A daren ne ake sauko da duk wasan da bai ƙare ba, a kunna agogo, a ƙarasa shi a zaune, a kwashe allunan sai wani sanyin. Ta ce, "Yarinya, ba wanda zai ga laifinki idan kin bari." Ta girme ni da wata huɗu kacal, amma tun muna aji ɗaya take ce mini yarinya.

Na tambaye ta yaushe Ulbe ya yi takunsa na ƙarshe. Ta goge kofin da ya riga ya bushe. Ta ce kafin bikin rabon kyautar yara, farkon Disamba.

Amma kowace Talata yana fita. Yana sa hular nan mai ruwan toka, ya ce mini kada in jira shi. Ta ce yana zuwa, yana tsayawa gaban allon, ya sha kofi ɗaya, ya tafi.

Ina yake tafiya?

Juma'a, 24 ga Janairu, da hantsi

Na gane abu ɗaya. Doki yana iya sauka a gidan da zai kai wa biyu hari lokaci guda, sarki da sarauniya. Dole sarki ya gudu, sai a ci sarauniya. Kwamfutar ta ce sunansa cokali mai yatsu. Na yi kore biyar a jere. Na juya in gaya maka, Ulbe.

Lahadi, 26 ga Janairu, da yamma

Ban je coci ba. A can mutane riƙe hannuna suke yi su ƙi saki, suna kallon goshina.

Dokin yana da gida shida da zai iya zuwa. Na gwada kowanne a kicin. A biyu dakaren Gerlof zai cinye shi. A ɗaya ya koma baya, kamar ya ji kunya. Sauran ukun ban san bambancinsu ba. Na nemi cokali mai yatsu, babu. A kwamfuta kullum akwai abin da aka ɓoye, an gaya maka akwai, nema ya rage. A allonka ba wanda ya gaya mini ko akwai.

Na ƙirga. Gerlof ya fi ka dakare biyu. Ban san ko wannan da yawa ba ne.

Talata, 28 ga Janairu, da yamma

Na tura shi. Tsakiya na kai shi, don a kwamfuta dokin da ke tsakiya ya fi yin ɓarna. Duk sun taso sun zagaye ni, warin rigunan ruwa da taba. Na kusa ture sarauniya. Na mayar da murfin gefen baƙaƙe.

Hedimasta ya buɗe baki. Baukje ta ce, "Hedimasta, kek ɗinka." Ya rufe. Doka ce, ba a magana a kan wasan da ake yi.

Gerlof ya daɗe yana kallo, hannuwansa a aljihu. Shekara arba'in yana tuƙa motar madara, wuyansa ya karkace gefe ɗaya, ba ka sanin ko tunani yake ko ciwo. Ya ce, "Wa ya nuna miki?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "To ai shi ya sa." Ya tura ɗan aikensa, ya dawo mini da murfin, ya koma kujerarsa.

Shi ya sa me? Yabo ne ko zagi? Na yi ta juya maganar har gida.

Alhamis, 30 ga Janairu

An kawo keken Ulbe, wanda ya fita da shi ranar da ya rasu. Na ce su jingina shi a rumfa.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da sassafe

Na buɗe jakar keken don in cire safar hannu in wanke. Gilashinka yana ciki, a naɗe cikin gidansa, da ƙyallen gogewa a kai yadda kake yi kafin ka kwanta.

Kai da ba ka ganin bakin hanya sai da shi.

Na mayar da shi yadda yake. Na yi atisaye har rana ta fito sosai. Yau ɗauri aka koya mini. Ɗa yana tsaye gaban sarkinsa, ana kai masa hari, ba shi da ikon matsawa, don idan ya matsa sarki ne a fili. Yana nan a kan allo kamar lafiyayye, ana ƙirga shi cikin masu rai, amma ba ya iya komai.

Na je kicin na duba. Abin da ɗan aiken Gerlof ya yi wa dokina ke nan. Kwana huɗu ina kallonsa ban gani ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Idske ta kira. Ban gaya mata zancen jakar ba. Ta ce lambar da ke gefen sunana a kwamfutar ta hau, tana gani daga wayarta. Na ce wace lamba. Ashe auna ni ake yi.

Talata, 4 ga Fabrairu, da yamma

Na kawar da sarki gefe, dokin ya kuɓuta. Gerlof ya ce, "Hm." Ya tura dakare.

Baukje ta ba ni kofi da yankan kek, ta zaunar da ni kusa da murhu. Suna ta gardama a kan ko ruwa zai daskare bana a yi tseren kan ƙanƙara na garuruwa sha ɗaya. Hedimasta ya ce a shekarar da aka yi na ƙarshe shi ya kusa kammalawa. Gerlof ya ce, "Ƙwarai, ka kusa. Saura garuruwa tara cikin sha ɗaya." Wani ya ce magudanar bayan coci ko fatar ƙanƙara ba ta yi ba, sai kowa ya kalli allonsa.

Na ce, "Ku faɗi magudana mana. Tana nan, ba ta tafi ko'ina ba."

Ban yi nufin in ɗaga murya ba. Ina ganin ban ɗaga ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na sa dankali a wuta na zauna yin atisaye. Tukunyar ta ƙone. Ta Baukje ce, har yanzu ban mayar ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da rana

Abin yana canzawa, ban san yadda zan faɗa ba. Da, katakai nake gani. Yanzu layuka nake gani, wannan yana kallon wancan, wancan yana tsare wannan. A kanti na tsaya gaban gwangwanaye ina lissafin inda doki zai sauka daga wake zuwa tumatir. Matar da ke bayana ta dafa kafaɗata ta ce, "Yi a hankali, Renske, kowa ya fahimta." Na bar ta da fahimtarta.

Kwamfutar tana da wata magana da take maimaitawa idan na yi ja: kafin ka taka, duba me takun abokin wasanka yake nufi. Ni kullum nawa nake dubawa.

A Disamba ka gyara famfon banɗaki, wanda na yi shekara biyu ina magana. Ka nuna mini inda ake kashe ruwan gidan gaba ɗaya. Na ce me zan yi da sani, ai kana nan.

Kore bakwai. Ja uku.

Talata, 11 ga Fabrairu, da yamma

Mun yi musayar doki da ɗan aike. Ni na nema. Da Gerlof ya ɗauke dokin daga kan allo sai na ji kamar in karɓe shi in sa a aljihu. Ya ajiye shi a gefe, a tsaye, fuskarsa tana kallon wasan.

Taku uku muka yi yau, tunda duk muna nan. Hedimasta ya ce ba haka al'adar take ba, ɗaya ake yi. Gerlof ya ce, "Rubuta ƙara ka kai wa hedimasta."

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ba na tuna jiya. Na duba kwamfuta, ta ce na yi atisaye, har lambar ta hau.

Talata, 18 ga Fabrairu, da yamma

Raina a ɓace yake.

Gerlof ya ɗauki hasumiyarsa ya ajiye ta can gefen allo, daidai kan layin sarauniyata. Ba mai tsare ta. Kyauta. Ko ranar da na fara zan ga wannan. Ya dawo mini da murfin bai kalle ni ba.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Hasumiya."

Na ce, "Na san hasumiya ce. Sadaka kake ba ni?"

Ya ce, "Ba a magana a kan wasa."

Na ce ya mayar da ita. Ya ce ya riga ya saki, abin da aka saki ba ya komawa, in tambayi Hedimasta. Hedimasta ya ce gaskiya ne, yana kallon silin.

Na ce, "Miyar mutane na ci, furanninsu na karɓa, katunansu sun cika mini aljihun tebur. Wannan kaɗai ne ba a ba ni ba, shi ma sai ka mayar da shi abin tausayi? Da Ulbe ne za ka yi masa haka?"

Ya ce, "Da Ulbe ne da tuni ya yi shiru ya kalli allo."

Na fito ban taka ba. Na bar hulata.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ba zan koma ba. Su rubuta abin da suka ga dama.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da yamma

Na jera takun nasa a kicin, don kawai allon ya zama daidai. Ba na son abu a karkace.

Idske ta ce in ci hasumiyar kawai, mutumin kirki ne, yana son ya yi wa Heit wani abu. Ta ce, "Mem, kowa so yake ya sauƙaƙa miki." Na ce na lura.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Ulbe, ka ji wannan.

Da safe kwamfuta ta kawo mini wani. Sarki yana layin baya, dakarunsa uku a gabansa kamar shinge. Ni na zaci nan ne ya fi tsira. Sai aka ba mai tsaron layin wani abu ya ci, ya fita ci, sarauniya ta sauko layin, sarki ya rasa ƙofa, dakarunsa ne suka toshe shi. Na yi ja sau biyu kafin na gane. Na tashi in ɗora ruwan kofi, na wuce ta gefen tebur, sai na tsaya da butar a hannu.

Sarkinka yana layin baya. Dakaru uku a gabansa. Sarauniyata ce kaɗai take tsare layin. Idan ta fita ta ci hasumiyar nan, sarauniyar Gerlof za ta sauko, shi ke nan, an gama.

Tarko ne. Tsohon banza, tarko ya ɗana mini. Kashe ni yake son yi.

Na zauna a ƙasan kicin ina dariya, butar tana cinyata. Rabon da in ji daɗi irin wannan tun kafin Kirsimeti. Daga baya dariyar ta koma wani abu, amma ba komai, ba mai gani.

Talata, 25 ga Fabrairu, da yamma

Na shiga, na cire rigar ruwa, ban gaishe da kowa ba. Na tura dakaren gefe gida ɗaya, sarki ya sami taga. Na mayar da murfin.

Gerlof ya taso ya duba. Ya janye hasumiyarsa da sauri kamar wanda ya taɓa murhu.

Baukje ta ce, "A'a, Gerlof, ina sadakar?"

Ya ce, "An rufe ofis."

Ya miƙo mini hulata daga aljihunsa. Na ce masa ya yi haƙuri da maganar makon jiya. Ya ce wace magana, shi kunnensa na hagu ya mutu tun zamanin motar madara.

Muka fito tare, kowa yana tura kekensa. A bakin gada na tambaye shi ko ya taɓa yi wa Ulbe maganar jinkirin. Ya ce sau ɗaya. Na ce me ya ce. Ya ce, "Ya ce yana tunani."

Na ce, "Kai ba ka ga komai ba?"

Ya ce, "Allo nake kallo, Renske. Shekara ashirin da shida muna zaune fuska da fuska, allo nake kallo."

Na ce ni ma gado ɗaya muke kwana.

Muka tsallake gadar ta tsakiya, ba wanda ya kalli gefe.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Dakarensa na gefe yana ta tahowa. Idan ya kai layin ƙarshe sarauniya zai zama. Dakare biyu da yawa ne, yanzu na sani. Kai ma ka sani tun Disamba.

Ko ba shi ba ne. Wasa ne kawai. Ba a barin duniya saboda wasa. To saboda me?

Lahadi, 2 ga Maris

Na je coci. Na ƙirga tayil ɗin ƙasa, fari da baƙi ne, ban taɓa lura ba.

Talata, 4 ga Maris, da yamma

Taku biyu. Na tare dakaren da hasumiyata, yanzu ita ma ba ta iya barin wurin. Duk 'ya'yana gadi suke yi, ba mai zuwa ko'ina.

Hedimasta ya same ni wajen rataye riguna, ya yi ƙasa da murya. Ya ce ba maganar wasa zai yi ba, maganar doka ce. A daren miya kowane ɗan wasa yana da ikon neman canjaras, idan ɗayan ya yarda shi ke nan, ba abin kunya ba ne. Ya ce sunan Ulbe ne a kan wasan, kuma Ulbe bai taɓa faɗuwa a dogon wasa ba a hannun Gerlof, ko sau ɗaya.

Ban san wannan ba. Ba ka taɓa gaya mini ba. Ko ka gaya mini ina wanke-wanke.

Alhamis, 6 ga Maris

To idan na faɗi, ni na zubar maka da shi? Idan na karɓi canjaras, na ajiye maka ko na yi maka ƙarya? Na tambayi Idske, ta ce, "Heit ba zai damu ba." Ita kullum ta san abin da kake so. Ni da na aure ka ban sani ba.

Litinin, 10 ga Maris, da yamma

Na yi atisaye har idona ya yi yaji. Yanzu taku uku nake gani, wani lokaci huɗu. Na saya wa Baukje sabuwar tukunya.

Laraba, 12 ga Maris, da safe

Jiya ne.

An haɗa tebura, tukunyar miyar wake tana kan murhu, cokali yana tsayawa a cikinta. Baƙin burodi da naman alade a faranti. Baukje da kanta ta sauko da allonmu, tana tafiya kamar mai ɗauke da ruwan zafi. Hedimasta ya nuna mini agogon, in na taka in danna. Sau biyu na manta, Gerlof ya nuna mini da haɓa.

Sauran wasannin suka ƙare, namu ya rage. Suka zo suka tsaya a kanmu da kwanoninsu. Na riƙe. Ban san tsawon lokacin ba. Na tsallake wani cokali mai yatsu da ya shirya mini, na ji wani ya ja numfashi a bayana. Har na ci masa dakare ɗaya.

Sai na tura sarauniyata don in kai wa dakaren nan hari, na danna agogo, na ɗaga yatsana, a nan na gani. Ba a kwamfuta ba, a gabana. Zai iya ba da sarauniyarsa a kusa da sarkina, dole in ci. Hasumiya ta sauko, sarki ya matsa gida ɗaya da ya rage masa. Ɗan aike ya rufe. Taku uku. Na duba ta kowane gefe, ba ƙofa. Kyakkyawa ne ma. Da ni aka ba a kwamfuta da na ji daɗin samo shi.

Gerlof ya gani. Na san ya gani, don wuyansa ya miƙe. Agogonsa yana tafiya. Ya ɗaga hannu ya kai kan sarauniya, bai taɓa ba, ya janye. Ya ɗora hannuwan biyu a kan tebur.

Ya ce, "Canjaras, Renske."

Hedimasta ya ce, "An nema." Har ya fara miƙa hannu wajen agogo.

Na ce, "Akwai kisa a nan."

Hedimasta ya ce ba a magana a kan wasa. Baukje ta ce, "Hidde, sha miyarka."

Na ce, "Sarauniya, hasumiya, ɗan aike. Na gani. Kai ma ka gani."

Gerlof ya ce, "Wasan Ulbe ne. Ban taɓa cinsa ba. Ba haka nake so in ci shi ba."

Na ce, "Ulbe ya tashi daga wannan teburin tun Disamba, Gerlof. Bai gaya maka ba, bai gaya mini ba. Ni ce a zaune. Kada kai ma ka bar ni da allo a buɗe."

Ya share hancinsa da bayan hannu. Ya ɗauki sarauniya ya ajiye ta kusa da sarkina, a hankali, ya danna agogo. Na ci. Hasumiya ta sauko. Na matsa. Ya riƙe ɗan aiken a sama kaɗan, na gyaɗa masa kai, ya ajiye.

Ba wanda ya tafa. Na miƙa masa hannu yadda na ga suna yi. Ya riƙe, ya ce, "Wancan takun sarauniyar kuskure ne." Na ce na sani, na gani bayan na saki. Ya ce, "Da kin bar ta a gida da kin ƙara taku goma." Na ce goma kawai? Ya ce, "Wataƙila sha biyu. Kada ki cika baki."

Ni na kwashe 'ya'yan na zuba a akwati. Baukje ta ajiye mini kwano a inda allon yake. Na cinye, na miƙa aka ƙara.

Idske ta kira ɗazu ta ce yaya aka yi. Na ce na faɗi. Ta ce, "Ayya, Mem." Na ce a'a, ba haka ba ne, amma na kasa yi mata bayani. Na ce ta zo Asabar, akwai abin da zan nuna mata a jakar keken da ke rumfa, kuma kada ta ce mini komai, ta zauna kusa da ni kawai mu kalla.